Gautan Tabitha da Mai Gadinsa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki, kusan kowa a Katsina yana da abin da yake murna da shi. Masu rediyo sun manna shi a kunne, masu mashin suna ta hon a kan titi, a Babbar Kasuwa kuwa har masu awon gero sun zama malaman siyasa. Amma a Ƙofar Sauri akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, Lailatu, da ba ta ga abin murna ba. Ita dai abin da mulkin farar hula ya yi mata shi ne ya ɗauke mata ƙawa.

Ƙawar ita ce Tabitha, ɗiyar Kofur Ishaya, sojan da ke haya a gidan da ke jikin nasu. Aikinsa tsaron ƙofar wani babban hafsa. Da hafsan ya naɗe kayansa, sai aka ce Kofur ma ya naɗe nasa. Ina za a kai shi? Ko matarsa ba ta sani ba. Kaduna za su fara zuwa, daga can a faɗa masu.

Katangar da ke tsakanin gidajen biyu ta ƙasa ce, ruwa ya ci wani wuri ya bar gurbi daidai kan yaro. Ta nan Lailatu ke miƙa ƙosai, Tabitha ta miƙo gyaɗa, ta nan suke faɗa, ta nan suke shiryawa.

Ran tafiya, motar soja na tsaye a ƙofa ana loda kujeru, sai ga Tabitha ta zagayo tana nishi, ta rungumo gindin wata fasasshiyar randa. Cike yake da ƙasa, a tsakiya ga ɗan tsiro mai faffaɗan ganye.

"Riƙe, nauyi gare shi," in ji Tabitha. "Gauta ne. Irin na kakata ne, daga garinmu can wajen Kafanchan. Mama ta ce ba wuri a mota, ko tukunya ko gauta. Baba ya ce ba a tuƙa tuwo a gauta."

Lailatu ta karɓa, ya kusa kayar da ita.

"Ki ba shi ruwa da safe. Kuma kar ki bari ɓarauniyar akuyarku ta gan shi."

"Akuyarmu ba ɓarauniya ba ce."

"To wa ya cinye mani littafin lissafi?"

"Ai taimakonki ta yi."

Suka yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Tabitha ta shafa hanci da bayan hannu ta ce, "In ya yi 'ya'ya ki ajiye mani iri. Kar ya mutu, kin ji? Shi kaɗai ya tsira."

"Ba zai mutu ba," in ji Lailatu.

Aka kira Tabitha, ta ruga. Motar ta tashi ta bar hayaƙi.

Gidan su Lailatu a lokacin ba gidan hira ba ne. Innarta, Zainab, ciki ya zo mata da wahala, iyayenta sun ɗauke ta zuwa Malumfashi sai ta haihu ta gama wanka. Babanta, Malam Audu, direba ne a ma'aikatar gwamnati, sabbin manya kuwa sun zo da son zagaya ƙauyuka, sai ya yi kwana da kwanaki bai ga ƙofar gidansa ba. Wadda ke riƙe da gidan ita ce yayarsa, Gwaggo Furera, mace mai tsabta har ta yi yawa. Tana son Lailatu, amma sonta ta hanyar wanki da tsefe kai yake fitowa, ba ta hanyar zama a yi taɗi ba.

Lailatu ta kai gautan bayan madafa, inda rana ke faɗawa da hantsi. Ta samo guntun tsohuwar zana ta kewaye shi saboda akuya. Nan ya zama wurin zamanta. In an taso daga makaranta, 'yan matan unguwa suna wasa a ƙofar gida, in ta leƙa sai wata ta ce, "Ina 'yar barikin taki? Ta bar ki?" Sai ta koma bayan madafa ta zauna a kan tsohon turmi, ta gaya wa gauta abin da aka koya masu yau.

Damina ta sauka, gautan ya miƙe ya yi rassa. Sai kuma baƙi suka zo mashi. Wasu ƙananan ƙwari ne farare, in ka taɓa ganye sai su tashi kamar an busa gari. Wasu kore ne masu tsalle. Wasu kuma da yamma suke zuwa da fiffike, su saka ƙwai a bayan ganye, bayan kwana biyu sai ga tsutsa tana ci. Ganyen ya fara huji, gefensa ya naɗe, korensa ya koma ɗorawa.

Wata safiya kuma Lailatu ta tarar da yana. An shimfiɗa ta daga kan zana zuwa reshen gauta, zagaye a cikin zagaye, raɓa ta yi mata ado. A tsakiya ga gizo-gizo, ya miƙe ƙafafu ya yi shiru.

Lailatu ta san abin da ake yi wa yana, don a gidansu ba a bar ta ta kwana. Gwaggo Furera na da tsintsiya da ta ɗaure a kan doguwar gora, kullum tana bin kusurwa da ita tana cewa, "Yana a gida talauci take jawowa." Haka ta ji, haka take faɗi. Wani lokaci kuma, da wannan bakin nata, takan ba Lailatu labarin yadda gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogo ranar hijira, maƙiya suka gani suka juya. Ba ta taɓa zaunar da maganganun biyu wuri guda ta dube su ba. Mu manya mun iya haka, mu riƙe magana biyu da ba sa ga maciji, kowace a aljihunta.

Lailatu ta ruga ta kira ta.

"Gwaggo, gautana ba ya da lafiya, kuma ga gizo-gizo ya hau shi."

Gwaggo ta zo tana goge hannu a zane. Ta duba ganye, ta duba yana, ta kama haɓa.

"To ai ga mai laifin nan a zaune, ko kunya ba ya ji. Shi ke shaƙe shi. Ki riƙa cire wannan ƙazantar kullum, ki barbaɗa mashi toka. Kuma kar ki taɓa shi da hannu, wani yana da cizo."

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ba a kama gizo-gizo da hannu. Ta farkon ce ke da gyara.

Daga ranar Lailatu ta sami aiki. Kowace safiya sai ta ɗauki tsinke ta naɗe yanar tas, gizo-gizon ya zubo ƙasa a kan zarensa ya ɓuya a cikin zana. Ta barbaɗa toka, ruwan sama ya zo ya wanke. Washegari ga sabuwar yana, ta sake naɗewa. Tana yi tana masa faɗa.

"Kai ba ka da gida ne? Ga dalbejiya can, ga katanga, sai gautan Tabitha?"

Shi dai sai ya shige cikin zana abinsa.

Gautan kuwa sai ƙara lalacewa yake. Furen farko da ya yi, ɗan fari mai ɗigon ɗorawa a tsakiya, ya bushe ya faɗi. Na biyu ma haka. Lailatu ta tsince su ta riƙe a tafin hannu, ta je gurbin katanga ta leƙa. Tsakar gidan su Tabitha shiru, ciyawa ta fara fitowa a inda suke wasan carafke. Ba wanda za ta nuna wa. Ta koma ta zauna a kan turmi, tana tunanin ranar da Tabitha za ta dawo ta ce, "Ina irina?" ita kuma ta nuna mata busasshen kara.

Ana haka sai zazzaɓi ya kama ta, na sauro, irin wanda damina ke rabawa gida-gida. Jiki ya yi zafi kamar garwashi, haƙora na haɗuwa. Gwaggo Furera ta goya ta, tsofai-tsofai da ita, ta kai ta asibiti aka ba da magani. Ta jingine gorarta a bango ta manta da ita. Kunu take damawa, tsumma take jiƙawa, tana zaune a bakin tabarma tana korar ƙuda da mafici.

"Gwaggo, gautana," in ji Lailatu cikin zafin jiki.

"Allah na ba shi ruwa, ke dai sha kunu."

"Yanar fa?"

"Yana ba ta gudu. In kin tashi kya same ta."

Sai da aka kwana biyu sosai kafin ƙafafunta su ɗauke ta. Ranar da ta fara fita, dafa bango take har bayan madafa. Ta tabbata gawar gautan za ta tarar.

Yanar ta ninka girma. Akwai wata ƙarama kuma a ƙasa, tsakanin bakin randa da zana. Tsofaffin ganyen suna nan da hujinsu, amma a sama ga sabbin ganye sun fito, kore shar, kusan ba tabo. Ga fure har uku, ba wanda ya faɗi.

Lailatu ta ɗauki tsinke don sabo, amma hannunta ba ƙarfi, sai ta zauna a kan turmi ta huta tukuna. Zaman nan ne ya sa ta gani. Da can zuwa take da faɗa ta naɗe ta tafi, ba ta taɓa tsayawa ta duba abin da ke cikin yanar ba.

Cike take da ƙwari. Fararen nan masu kama da gari sun manne a zare birjik. Ga koren mai tsalle, ga masu fiffiken yamma an naɗe su kamar ƙullin magani. Tana kallo, wani ɗan ƙwaro ya taso daga katanga ya nufi sabon ganye, ya faɗa cikin zaren. Yanar ta girgiza. Kafin ƙiftawar ido gizo-gizon ya iso, ya juya shi da ƙafafunsa, ya naɗe shi, ya koma tsakiya ya yi shiru kamar ba shi ba. Ganye ko ɗaya bai taɓa ba. A kan reshe kuma ta ga wani ɗan ƙaramin gizo-gizo mai launin toka, shi ba ya saƙa, yawo yake a bayan ganye, in ya hango ƙwaro sai ya daka tsalle ya cafke.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi tsinken da ke hannunta, ta jefar da shi bayan zana.

"Ashe gadi kake yi," ta ce a hankali. "Ni kuma ina korarka."

Yadda yake tsayawa cak a bakin aikinsa, ba magana ba ƙaiƙayi, ya tuna mata da baban Tabitha a ƙofar hafsa. Ta sa mashi suna Kofur.

Yanzu in ta dawo makaranta mutum biyu take gaisarwa. "Sannu gauta. Sannu da aiki, Kofur." Ta ƙirga ƙafafunsa ta ga takwas ne, na ƙudan da ya kama shida. Ta lura in iska ta yaga mashi gefe ba ya fushi, sai ya bi ya gyara. Ba ya amsa gaisuwa, amma kullum yana nan, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda kowa nasa ya yi tafiya. Furannin suka zube da kansu, a gurbinsu ƙananan 'ya'ya suka fito kamar kan yatsa.

Abin da Lailatu ba ta yi ba shi ne gaya wa Gwaggo. Tsoro take ji.

Wata ran Juma'a da safe Gwaggo Furera ta tuna da gorarta. Ta bi ɗakuna, ta bi zaure, ta bi madafa, tana mitar yadda gida ya koma kango tun da yarinya ta kwanta. Lailatu na bakin rijiya tana wanke kwano sai ta ji muryarta daga baya.

"La ila! Gari guda aka gina mani a nan?"

Lailatu ta saki kwano ta ruga. "Gwaggo, kar ki..."

Tsintsiya ta riga ta. Shara ɗaya, babbar yana da ƙaramar duk suka tafi. Ba Kofur, ba alamarsa.

Lailatu ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta leƙa cikin zana, ta leƙa ƙarƙashin randa, ta ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba a kan ƙasa.

"Ke, lafiya? Don gizo-gizo kike kuka? Sai ka ce an yi maki mutuwa."

"Shi ke cinye ƙwarin, Gwaggo. Na gani da idona. Tun da na bar cire yanar gautan ya warke. Yanzu za su dawo su cinye shi, Tabitha ta zo ba iri."

"Tabitha, Tabitha. Kai, tashi ki wanke fuska."

Gwaggo ta juya gorar ta jawo kan tsintsiyar don ta cire yanar da ta manne. Tana murza ta da yatsu sai ta tsaya. Ta matsa da hannun kusa da ido, don ganinta ya yi rauni. A cikin fararen ƙwarin akwai sauro, ba ɗaya ba ba biyu ba. Wani cikinsa ya fashe ya bar mata jan ɗigo a ɗan yatsa.

Ta dubi ɗigon, ta dubi yarinyar da ta goya zuwa asibiti. Ta goge hannu a zane ta tafi da gorarta.

Ranar Lailatu ba ta ci abincin kirki ba. Da la'asar ta zauna a kan turmi tana korar ƙwari da mafici, amma hannu ɗaya ina zai iya da su? Ta kori na nan, na can su sauka. Har magariba Kofur bai fito ba.

Da gari ya waye ba ta so zuwa, amma ƙafa ta kai ta. Daga nesa ta hango wani abu na ƙyalli tsakanin zana da reshe. Sabuwar yana ce, ba ta kai ta jiya girma ba, zarenta fes. A tsakiya Kofur ya miƙe ƙafafu, har ya yi kamun farko.

Ba ta gama murna ba ta ji takun Gwaggo a bayanta, gora a hannu. Lailatu ta tashi ta tsaya tsakanin tsintsiya da gauta. Ta kafe a wurin, ba ta matsa ba.

Gwaggo ta leƙa ta saman kanta. "Oh ni Furera. Wannan ɗan naki ba ya da zuciya. An rushe mashi gida jiya, yau har ya yi rufi."

"Gwaggo, in tambaye ki?"

"Ina jin ki."

"Talaucin ta ina yake shigowa? Ta cikin zaren?"

"Ke, haka ake tambayar manya?"

Lailatu ta sunkuyar da kai, amma ba ta bar wurin ba.

"Haka muka ji," in ji Gwaggo.

"Daga wa?"

"Daga waɗanda suka ji." Bakinta na son yin dariya tana hana shi. Ta sake duban yanar, ta dubi 'ya'yan gautan da suka fara nauyi. "A ɗaki dai ban yarda ba, ɗaki sai shara. Nan kuwa bayan madafa ne. In talaucin ya zo sai ya tarar da toka da akuya, ya ga abin da zai ɗauka."

Ta saɓa gorarta ta juya. Har ta kai kwana ta waiwayo. "Kuma na ce kar ki taɓa shi da hannu."

"To, Gwaggo."

Gautan ya yi 'ya'ya, ba da yawa ba, amma ya yi. Ƙwari ba su ƙare ba, ba sa ƙarewa, sai dai ba su ƙara fin ƙarfinsa ba. Kafin damina ta ɗauke, Malam Audu ya dawo daga wata doguwar tafiya da albishir: Inna ta haifi namiji, tana nan tafe in ta gama wanka. Lailatu ta yi murna. Da ya zauna cin tuwo ta matso kusa da shi.

"Baba, ka je Kaduna?"

"Na je, uwata."

"Ka ga su Tabitha?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Kaduna ba Ƙofar Sauri ba ce, Lailatu. Na tambayi wani soja, ya ce masu suna Ishaya sun yi yawa."

Ta ce to.

Da safe ta tsinki gauta guda, kore mai ratsin fari, ta je gurbin katanga. An sami sabbin 'yan haya, sun toshe gurbin da jar ƙasa, ko bushewa ba ta gama ba. Ta jingina da wurin ta gatsa. Ɗaci ya cika mata baki, daga baya ɗan zaƙi ya biyo. Ta cinye shi duka ita kaɗai.

Mafi girman ta bar shi a kan reshe har ya yi ja ya yi laushi. Gwaggo ta nuna mata yadda ake fasa shi, a wanke irin, a shanya a faifai a inuwa. Da ya bushe Lailatu ta yagi tsumma biyu. Ta raba irin gida biyu daidai, ta ƙulle. Ƙulli ɗaya na shuka ne in damina ta dawo. Ɗayan ta sa shi a ƙasan akwatin kayanta, ƙarƙashin zanen Sallah, inda akuya ba ta kaiwa.

Sannan ta koma bayan madafa ta zauna a kan turmi. A waje ana jin 'yan mata suna tafi suna waƙa. Kofur na tsakiyar yanarsa, iska na kaɗa shi a hankali.

"Na ajiye mata," in ji Lailatu.

Wani ɗan ƙwaro ya faɗa zare, Kofur ya tafi aikinsa.